A MIƘE, AMMA KADA A SANDARE

Duk wanda ya bi ta gefen filin wata makaranta da sassafe, ko ya fita bayan gari da la'asar sakaliya, zai ga abin da zai faranta masa rai. Ga yara sun yi sahu malami yana ba su umurni, ga samari suna guje-guje, ga kuma magidanta, akawuna da malaman makaranta, waɗanda likita ya ce da su su rage teɓa, suna ta fama gumi yana zuba. Mun yi murna da wannan, domin lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Amma in mutum ya tsaya ya dube su da idon basira, murnar tasa za ta ragu. Waɗansu kansu ya yi gaba kamar na kunkuru, kafaɗu sun hau har kusa da kunne, baya ya yi doro. Waɗansu kuma, don gudun wannan, sun banƙare ƙirji, sun gantsare, sun ƙame kamar an dasa turke, har numfashi yana yi musu wuya.

Duka biyun kuskure ne, kuma a kansu muke so mu yi magana yau. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya kamata a fara koya wa mai motsa jiki, yaro ne ko babba, shi ne yadda zai riƙe kansa da wuyansa da kafaɗunsa da ƙirjinsa, tun kafin a fara ƙirga masa sau nawa ya yi. Yawan lissafi ba shi da amfani in jiki a karkace yake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

YADDA AKA GINA JIKI

Bari mu fara da ginin kansa, gama wanda bai san yadda aka ɗora soro ba, ba zai san inda zai tsage ba. Gadon bayan ɗan Adam ƙananan ƙasusuwa ne 33, an jera su kamar 'ya'yan tasbaha. Guda 7 suna wuya, 12 suna bayan ƙirji, kowanne da haƙarƙari biyu a jikinsa, 5 suna kwankwaso, sauran kuwa sun haɗe a can ƙasa. Jerin nan ba miƙaƙƙe ba ne kamar gora. In aka dube shi ta gefe, a wuya ya ɗan lotsa ciki, a bayan ƙirji ya ɗan fito, a kwankwaso ya sāke lotsawa. Waɗannan lanƙwasa ba aibu ba ne, su ne ke sa baya ya ɗauki nauyi ya kuma shanye girgiza in ana gudu ko tsalle. Saboda haka wanda ya ce zai miƙar da bayansa sambal kamar sanda, yana faɗa ne da halittarsa.

A bisa wannan jeri aka ɗora kai, nauyinsa a jikin babban mutum wajen kilo 5 ne. In kunne yana daidai saman kafaɗa, kafaɗa tana daidai saman ƙugu, kamar yadda magini ke sakin igiya ya ga ko bango ya tsaya, to ƙasusuwa ne ke ɗauke da kan, tsokar wuya aikinta kaɗan ne. Amma da zarar kai ya zarce gaba, sai aikin ya koma kan tsokar ƙeya da ta kafaɗu. A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya na birnin New York, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi ya nuna cewa in an sunkuyar da kai sosai, kamar yadda mai duba wayar hannu a cinyarsa ke yi, nauyin da wuya ke ji yakan kai wajen kilo 27. Watau ya ɗara rabin buhun siminti. Lissafi ne aka yi a takarda, amma kowa yana iya gwada ma'anarsa. Ɗauki tulu ka rungume shi a ƙirji, sa'an nan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa da kai. Tulun bai ƙara nauyi ba, amma hannunka zai ba ka labari.

Mu nan ba mu bukatar a je mana da nisa wajen neman misali. Dubi mai tallan nono da ƙwarya bisa gammo, tana tafe tana hira, ba ta ko dafa ba. Kanta yana bisa wuyanta daidai, kafaɗunta a sake, hannuwanta suna lilo. Da za ta zuro kai gaba, ko ta sandare, da ƙwaryar ta faɗi. Ba muna cewa ɗora wa yara kaya masu nauyi a ka abin kirki ba ne, shi ma yana da tasa ɓarnar ga wuya. Tsayuwar muke nuni da ita: a miƙe take, kuma a sake.

Sai kafaɗa, wadda ita ce aka fi zalunta. Allon kafaɗa ba a kafe yake a jikin baya ba. Ƙashi guda ne kaɗai ya haɗa shi da sauran ƙasusuwan jiki, shi ne wanda ya gitta daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa. In ban da wannan, tsoka ce ke riƙe da shi, yana zamewa bisa haƙarƙari. Sa'ad da mutum ya ɗaga hannu har sama, kashi biyu cikin uku na motsin daga gaɓar kafaɗa yake, kashi ɗaya kuwa allon ne ke juyawa ya ba hannu hanya. To, in bayan ƙirji ya yi doro, allon yakan kife gaba, hanya ta ƙuntata. Mai karatu, kada ka yarda da mu, gwada da kanka a kujerar da kake zaune. Ranƙwafa ka ɗaga hannuwanka sama, ka lura da inda suka tsaya. Sa'an nan ka miƙe zaune ka sāke ɗagawa. Bambancin da ka gani, shi ne abin da muke magana a kai. Wanda ya ɗauki ƙarfe ya tilasta wa hannunsa wucewa ta ƙuntatacciyar hanya, sau hamsin kowace rana, kada ya yi mamaki in kafaɗa ta fara yi masa tsiya.

Numfashi ma haka. Huhu yana cika ne in tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, haƙarƙari kuma suka buɗe. Wanda ya duƙunƙune ya matse su, wanda ya banƙare ya ƙame shi ma ya hana su motsi. Kowannensu zai gaji tun ba a je ko'ina ba.

GADON DIRILI

Ina muka samo ƙamewar nan? Tana da asali. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Per Henrik Ling, ya kafa makarantar horon jiki a birnin Stockholm a 1813, ya tsara motsa jiki bisa umurni, kowa ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Makarantun Ingila suka ɗauki tsarin suka gauraya shi da faretin soja, daga can kuma Turawa suka kawo mana. Littafin horon jiki da hukumar ilmi ta Ingila ta fitar a 1933 ya daɗe ana aiki da shi a makarantun ƙasar nan. Dattawan da suka yi elementare da midil a zamanin En'e ba su manta da dirilin safe ba. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma muryar mai dirili ba ta wuce ba: ƙirji waje, kafaɗa baya, ciki a tsuke!

Ba za mu yi butulci ba, dirili ya yi rana. Ya koya wa yara ladabi da bin tsari, ya kuma sa malamai suna duban jikin yaro ba kansa kaɗai ba. Amma tsayuwar fareti an yi ta ne don ɗan lokaci, don a gani a yaba. Soja kansa ba ya gudu a ƙame, ba ya ɗaukar kaya a ƙame. In ka ce da yaro ya tura ƙirji waje da ƙarfi, abin da zai yi shi ne ya gantsare kwankwaso, haƙarƙarinsa na ƙasa su fito, ya matse allunan kafaɗa ya riƙe numfashi. An kori doro ta ƙofa, an shigo da gantsarewa ta taga. Garin neman gira an rasa ido.

ABIN DA MASU MUSU ZA SU CE

Mun san akwai waɗanda za su ce wannan duk iyayi ne. Kakanninmu sun yi noma a duƙe tun daga hantsi har azahar, ba wanda ya koya musu tsayuwa. Akwai kuma waɗanda suka yi karatu, za su tuna mana cewa likitocin yanzu sun bar cewa akwai tsayuwa guda wadda ta dace da kowa, kuma bincike bai tabbatar da cewa ranƙwafawa ita kaɗai ce ke kawo ciwon baya ba. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Jikuna sun bambanta, wani an haife shi da faɗin ƙirji, wani da ɗan lanƙwasa. Baya ba ƙwai ba ne, an yi shi don ya lanƙwashe ya juya, kuma tsoratar da mutane har su ji tsoron sunkuyawa ɓarna ce babba.

Amma a lura da abu biyu. Manomi jikinsa ya saba da fartanya tun yana yaro, kuma yana duƙawa yana miƙewa, yana tafiya, ba ya daskarewa wuri guda. Akawu fa? Ya wuni a kujera, kai a kan takarda ko kwamfuta, sa'an nan da yamma ya tashi da wannan siffa ya je ya ɗauki ƙarfe ko ya kama gudu. Wannan ciwo na masu alƙalami ba sabo ba ne. Likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a a 1700, da ya sāke buga shi a 1713 sai ya ƙara babi a kan marubuta, ya ɗora laifin wahalarsu a kan yawan zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da tauyewar hankali a kan lissafi. Shekara fiye da 300 ke nan, kuma kamar ofisoshinmu ya leƙa.

Abu na biyu, zaman hira dabam, motsa jiki dabam. In mutum ya kishingiɗa a kan tabarma ya lanƙwashe yadda ya ga dama, ba komi. Amma in nauyi ya hau, ko aka yi ta maimaita motsi ɗaya da sauri, to a nan ne yadda aka jera gaɓoɓi yake nuna wace tsoka ce za ta yi aikin, wace gaɓa ce kuma za ta sha wuya. Haka kuma abin da jiki ya maimaita shi yake haddacewa. Wanda ya yi motsi ɗari a karkace, karkata ya koya.

YADDA YA KAMATA A YI

Ga abin da muke ba da shawara, kuma ba ya bukatar ko kwabo.

A tsaye, mutum ya ji kamar an ɗaura zare a tsakiyar kansa ana ja sama a hankali. Haɓa ta ɗan koma ciki, ido yana duban gaba. Ya ɗaga kafaɗu har kunne, ya sake su su faɗo, inda suka sauka nan ne wurinsu. Haƙarƙari su zauna bisa ƙugu kamar murfi bisa tukunya. Alamar an dace ita ce mutum ya iya jan dogon numfashi, ya iya juya kansa dama da hagu ba tare da wahala ba. In ba ya iyawa, ya ƙame ne.

A wajen gudu, a dubi gaba, kada a dubi yatsun ƙafa. Gwiwar hannu a lanƙwashe, hannu yana zuwa gaba da baya, ba ya gitta ƙirji. Kada a dunƙule hannu da ƙarfi, domin dunƙulewar takan hau har kafaɗa da wuya. In za a karkata gaba kaɗan, jiki duka ya karkata tun daga idon sawu, kada a karye a ƙugu.

A motsin nan da akan kifa ciki a dafa ƙasa da tafin hannu, a riƙa sauka ana ɗagowa, kai da baya da ƙugu su zama layi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuro haɓa ta riga ƙirji isa ƙasa, ciki ya zubo, gwiwar hannu ta buɗe kamar fiffiken ungulu. Gwiwar hannu ta ɗan kusanci jiki. Wanda bai iya ba tukuna ya sa gwiwoyinsa a ƙasa, ko ya dafa bango ko tebur. Ba abin kunya ba ne. Biyar masu kyau sun fi talatin na ha'inci.

In za a ɗaga nauyi sama da kai, a ɗaure ciki kaɗan don kada kwankwaso ya gantsare, a bar allon kafaɗa ya juya tare da hannu, kada a danne shi. Kada kuma a riƙe numfashi ana nishi, gama wannan yakan sa jini ya hau nan take, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini. A fitar da numfashi lokacin ɗagawa. In kuwa motsin ciki ne, wanda akan kwanta rigingine a riƙa tasowa, kada a sarƙe yatsu a ƙeya ana fizgar kai. Ciki ake so ya yi aiki, wuya bai yi laifin komi ba.

Ƙa'ida ɗaya ta game duka: da zarar gajiya ta sa siffa ta lalace, a tsaya a huta. Abin da aka ƙara bayan wannan ba riba ba ce.

GA MALAMAN MAKARANTA

Ku ne wuƙa, ku ne nama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Roƙonmu na farko, malami ya bar tsayawa a gaban sahu yana ƙirga kurum. Ya zaga, ya dubi yara ta gefe, gama ta gefe ake ganin kan da ya zarce da bayan da ya yi doro. Ya nuna da jikinsa, ya yi gyara da kalma guda mai sauƙi, kamar ya ce, "Ƙara tsawo," maimakon tsawar "Ƙirji waje!"

Na biyu, a raba motsa jiki da horo. Yaron da aka sa shi tsallen kwaɗo yana riƙe da kunnuwa don ya makara, ko aka sa shi ɗaga hannu har ya yi kuka, abin da ya koya shi ne motsa jiki azaba ce, kuma zai guje shi in ya girma.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, ba kowane karkataccen baya ba ne na lalaci. Akwai ciwon da ke sa gadon baya ya kauce gefe, yakan bayyana lokacin da yaro ke saurin girma, daga wajen shekara 10 zuwa sama, kuma ya fi tsananta ga 'yan mata. Ba zaman banza ke kawo shi ba, tsawa kuwa ba ta warkar da shi. In malami ya ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa yaron ya sunkuya gaba hannuwa suna reto, in yarinya ce malama ta duba. In gefe ɗaya na baya ya fi tudu, a gaya wa iyaye su kai shi asibiti. Haka kuma tarin fuka yakan kama ƙashin baya, ya ci shi har ya bar mutum da ƙusumbi. Yaron da ke kukan ciwon baya kullum, yana rama, yana zazzaɓi da gumin dare, likita yake bukata da gaggawa. Malamin da ya ɗauki bulala a kan irin wannan yaro ya ɗauki alhaki.

GA MA'AIKATAN OFIS

Gyaranku daga tebur zai fara. A ɗaga abin karatu ya kusanci ido, maimakon a kai masa kai. A riƙa tashi a kai a kai, ko da zuwa ɗauko fayil ne, gama zama iri ɗaya na sa'o'i, ko da mai kyau ne, yana gajiyar da jiki. Tun da aikinku duk a gabanku yake, ku yawaita motsin da ke jawo hannu baya, irin na mai jan guga daga rijiya, don tsokar tsakanin kafaɗu ta yi ƙarfi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki kowane mako, da motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa su sami wajen minti 60 kowace rana. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya. Don haka kada wani ya fake da maganarmu ya ce ya daina motsa jiki sai ya ƙware. Rashin motsi ya fi motsi mai kuskure ɓarna. A fara da kaɗan, a riƙa gyarawa ana ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai jiki magayi. Tsamin tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon da ke sauka daga wuya zuwa hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko ciwon ƙirji da jiri lokacin motsa jiki, waɗannan ba na dauriya ba ne. A tsaya, a je a ga likita.

A ƙarshe muna kira ga hukumomin ilmi da kwalejojin horon malamai. Kada a ɗauki darasin motsa jiki a kan lokacin hutun malami, ko a danƙa shi ga wanda ya fi kowa ƙarfin murya. A koya wa kowane ɗalibin malanta ginin baya da kafaɗa, da yadda ake gane yaron da ke bukatar likita. A kuma dubi bencin da yara ke zama, domin yaron da ya yi sa'a biyar yana rubutu a kan cinyarsa, rabin sa'a a fili ba zai warware shi ba. Wannan gyara kuɗinsa kaɗan ne, amfaninsa kuwa yaro zai tafi da shi har tsufansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.